Yadda Za Ka Kafa Shafin Rubutunka a Intanet da Kayan Aikin Kyauta

Kusan duk abin da sabon marubuci ke buƙata a shekararsa ta farko a intanet yana samuwa kyauta: wurin da shafin zai zauna, inda zai yi rubutu, hotuna, abin rage musu nauyi, da abin da zai nuna masa ko ana karanta shi. Inda sabon shiga ya fi rikicewa shi ne yawan kayan. Sai ka ga mutum ya buɗe asusu a wurare barkatai, ya kwashe mako biyu yana canza launin shafi, alhali ko rubutu ɗaya bai fita ba.

Kafin mu shiga matakan, riƙe abu guda a ranka. Duk abin da kamfani ya ba ka kyauta aro ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, shafukan miliyoyin mutane suka tafi da shi. Google ya rufe Google+ a 2019. Wasu ba sa rufewa, sai dai su riƙa rage abin da suke bayarwa har ka gaji ka biya. Don haka a kowane mataki tambayar ita ce: in aka rufe wurin nan gobe, da me zan fita a hannuna?

Mataki na farko: imel na aikin kaɗai

Buɗe sabon asusun Gmail wanda ba za ka yi komai da shi ba sai harkar shafin. Da shi za ka yi rajistar duk sauran kayan da za mu ambata, kuma yana zuwa da gigabait 15 na ajiya da ake rabawa tsakanin Gmail, Google Drive da Google Photos. A ranar da ka buɗe shi, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri, ka sa lambar waya da wani imel na ko-ta-kwana, ka kwafe lambobin gaggawa da Google ke bayarwa a takarda ka adana. Wanda ya shiga imel ɗin nan ya mallaki shafinka gaba ɗaya. Kalmomin sirri kuwa, manhajar Bitwarden tana ajiye su kyauta a waya da kwamfuta, ba sai ka riƙa maimaita guda ɗaya a ko'ina ba.

Mataki na biyu: inda shafin zai zauna

Nan ne ake yawan gardama, kuma nan ya kamata ka ɗan tsaya.

Blogger tsoho ne a harkar. Kamfanin Pyra Labs ne ya fito da shi a 1999, Google ya saye shi a 2003. Kyauta ne ɗungurungum, ba ya liƙa maka tallar da ba ka nema ba, yana ba ka adireshi mai ƙarewa da blogspot.com, kuma ranar da ka sayi adireshin kanka zai bar ka ka haɗa shi ba tare da ƙarin caji ba. Rauninsa shi ne ba a cika sabunta shi ba, kuma abin da za ka iya ƙara masa kaɗan ne.

WordPress kuwa kashi biyu ne, kuma sabon shiga yakan cakuɗa su. Akwai manhajar kanta, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, ana sauke ta kyauta a WordPress.org. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet da ita aka gina su. To amma sai ka yi hayar masauki, wato wurin da shafin zai zauna a intanet, da kuɗinka kafin ka ɗora ta. Sai kuma WordPress.com na kamfanin Automattic, wanda ke da tsarin kyauta: adireshinka zai ƙare da wordpress.com, za su sa tallarsu a shafinka ba tare da ka samu ko sisi ba, wurin ajiya ƙarami ne, kuma haɗa adireshin kanka sai ka koma tsarin biya.

Medium, wanda Evan Williams ya kafa a 2012, ya dace da wanda rubutun kawai ya dame shi, bai damu da kamannin shafi ba. Substack na 2017 yana aika duk abin da ka wallafa kai tsaye zuwa imel ɗin masu bibiyarka, ba ya karɓar komai sai ranar da ka fara cajin masu karatu, sannan ya ɗauki kashi 10 cikin 100.

A ganina, wanda ba shi da ko kwabo na kashewa kuma yana son shafi mai kama da nasa na kansa, Blogger ya fi masa. Wanda ya san nan da 'yan watanni zai iya biyan masauki, ya fara da WordPress.com don hannunsa ya saba, ƙaura za ta zo masa da sauƙi.

In Blogger ka zaɓa, shiga blogger.com da sabon imel ɗinka, ka ba shafin suna, ka zaɓi adireshi gajere wanda in ka faɗa wa mutum a waya zai iya rubutawa ba tare da ya ce ka maimaita ba. Kauce wa lambobi da ƙaramin layin tsakiya a ciki. Daga nan shiga saiti ka gyara abu huɗu: lokacin yankinka, taƙaitaccen bayanin shafin, kunna HTTPS (tsarin da ke tsare haɗi tsakanin shafin da mai karatu), da tabbatar da cewa an bar injinan bincike su ga shafin. Wajen kamanni, ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ke ciki, kamar Contempo, Soho ko Emporio. Duk suna zama daidai a fuskar waya, kuma yawancin masu karatunka ta waya za su zo.

Za ka ci karo da wuraren da ke raba tsadaddun zane-zanen shafi da aka fasa, wai kyauta. Kada ka ɗora su. Sau da yawa akwai ɓoyayyen rubutun kwamfuta a ciki da ke tura masu karatunka wani wuri, ko ya cusa mahaɗan caca a ƙasan shafi ba ka sani ba. Haka nan adireshin kyauta. Shekaru da dama kamfanin Freenom yana raba masu ƙarewa da .tk, .ml, .ga da .cf, har ya dakatar da sabuwar rajista a 2023 bayan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya kai shi kotu, daga baya ya fita daga harkar. Gara blogspot.com da ka san mai shi.

Mataki na uku: haruffa masu lanƙwasa

Jagororin da aka rubuta da wasu harsuna ba sa taɓa wannan, amma mai rubutu da Hausa dole ya warware shi tun ranar farko. A waya, sauke Gboard, allon rubutun Google, ka ƙara Hausa a jerin harsunansa, za ka samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A kwamfuta, Keyman na ƙungiyar SIL kyauta ne kuma yana da allon rubutun da ke fitar da su.

Samun haruffan rabin aiki ne. Ba kowane salon rubutu (font, wato siffar haruffa) ne ke ɗauke da su ba. Yi gwaji: buɗe sabon rubutu, ka sa jimla irin "Ɗan ƙaramin ɓera ya ƙi ɗaukar ɓawo", ka duba ta a waya da kwamfuta. In ka ga ƙ ta fi sauran haruffa kauri, ko ɗ ta karkace kamar baƙuwa a cikin layin, ko wani ɗan akwati ya fito a gurbinta, salon nan ba shi da harafin, burauza ce ta aro daga wani wuri. Canza shi. Noto Sans da Andika, waɗanda ke Google Fonts kyauta, suna da su cikakku.

Sai adireshin kowane rubutu. Blogger yana ƙirƙiro shi daga take, kuma yakan watsar da harafin da bai gane ba, sai "ƙasa" ta koma "asa". Kafin ka danna wallafa, buɗe wurin da aka rubuta Permalink a gefen dama, ka zaɓi rubuta naka, ka sa kalmomi uku ko huɗu da haruffa marasa lanƙwasa, ka raba su da ƙaramin layi. Yi shi tun kafin wallafawa, don canza adireshi bayan an riga an yaɗa shi yana kashe duk mahaɗan da mutane suka tura wa juna.

Mataki na huɗu: me za ka rubuta?

Akwatin binciken Google kansa kayan aiki ne. Fara rubuta "yadda ake" ka ƙara kalmar fanninka, ka tsaya. Abin da ya jero maka a ƙasa abubuwa ne da mutane ke nema da gaske. Gwada da lanƙwasa, ka sake gwadawa babu, domin da yawa ba sa sa ta in suna bincike. YouTube ma haka yake yi, kuma jerinsa yakan bambanta.

Google Trends, wanda ya fito a 2006, yana nuna yadda neman wani abu ke hawa da sauka. Lura da cewa lambobinsa daga 0 zuwa 100 ba adadin mutane ba ne, kwatanci ne: 100 ita ce lokacin da neman ya kai ƙololuwa. Amfaninsa shi ne gane lokacin da ya dace ka saki rubutu, da kuma wace kalma cikin biyu aka fi amfani da ita.

Duk abin da ya faɗo maka, jefa shi cikin Google Keep, manhajar ajiye ƙananan bayanai, nan take. Kada ka buɗe shafin ga jama'a sai kana da rubutu biyar a ƙasa da jerin wasu goma da za su biyo baya.

Mataki na biyar: rubutun kansa

Kada ka riƙa rubutu kai tsaye a cikin Blogger ko WordPress. Intanet na iya yankewa, yatsa na iya goge sakin layi uku, kuma in wani abu ya sami shafin ba ka da kwafi. Rubuta a Google Docs. Yana adanawa da kansa, yana aiki ko babu intanet in ka kunna masa hakan, kuma tarihin gyare-gyarensa zai dawo maka da abin da ka goge jiya. Buɗe jaka ɗaya a Drive, kowane rubutu da fayil ɗinsa, sunan ya fara da kwanan wata.

Wajen kwasowa zuwa shafi akwai tarko. In ka liƙa yadda aka saba, rubutun yana tahowa da tarkacen tsarin Docs, sai ka ga wani sakin layi da manyan haruffa, wani da ƙanana. A kwamfuta danna Ctrl, Shift da V tare, zai liƙa zallan rubutu. A waya, danna ka riƙe, ka zaɓi liƙawa ba tare da tsari ba. Daga nan sai ka sa ƙananan kanun da maɓallin kanu na cikin editan, maimakon ka kaurara layi kawai, domin da waɗannan kanun Google ke gane yadda rubutun ya kasu.

Masu rubutu da Turanci suna da Grammarly da LanguageTool da Hemingway Editor don gyaran rubutu, dukkansu suna da tsarin kyauta. Ga Hausa, abin da ya fi aiki shi ne ka bar rubutun ya kwana, washegari ka karanta shi da ƙarfi. Duk inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Gemini suna taimakawa wajen tsara kanu ko tuna maka abin da ka tsallake, amma suna ƙirƙiro shekara da suna su faɗa da cikakken ƙarfin hali, kuma Hausarsu takan fito da ƙashin Turanci a ciki. Mai karatu yana ganewa tun a layi na biyu.

Mataki na shida: hotuna

Hoton da ka gani a binciken Google yana da mai shi. Ɗaukarsa ba izini na iya jawo a sauke maka rubutu, wani lokaci har da takardar neman diyya. Wuraren da aka tanada don wannan su ne Unsplash, Pexels da Pixabay, inda za ka ɗauka ka yi amfani ko a shafin da ke kawo kuɗi. A Unsplash ka kula, ana cakuɗa na kyauta da na biya a jeri ɗaya.

In hoton wani sanannen mutum, gini ko abin tarihi kake nema, Wikimedia Commons da Openverse sun fi. Sai dai nan kowane hoto da sharaɗinsa, bisa lasisin Creative Commons, kuma gajerun haruffan da ke jikinsa ne ke faɗa maka. CC0 na nufin yi yadda ka ga dama. BY na nufin dole ka ambaci mai hoton. SA na nufin in ka sarrafa shi, abin da ka fitar zai ɗauki irin lasisin. NC ya hana amfani da shi don kasuwanci, ND kuma ya hana ka canza shi. Wanda ke da niyyar sa talla wata rana ya bar masu NC tun yanzu, don kada ya dawo yana bin tsofaffin rubuce-rubuce yana cirewa. Ambaton kuwa layi ɗaya ne a ƙasan hoton: sunan mai shi, inda aka samo, da nau'in lasisin.

Duk da haka, hoton da ka ɗauka da wayarka ya fi na kowa. In kana koyar da gyaran wani abu, hoton hannunka a kan abin ya fi hoton wani baƙo yana murmushi a gaban kwamfuta, wanda shafuka dubu suka riga suka yi amfani da shi. Snapseed zai gyara maka haske. Canva, wanda aka fara a Ostireliya a 2013, zai ba ka damar ɗora take a kan hoto, sai dai duk abin da ka ga alamar kambi a jikinsa na masu biya ne. Nan ma gwada ƙ da ɗ kafin ka zaɓi salon rubutu. Mai son aiki mai zurfi yana da Photopea a cikin burauza, ko GIMP a kwamfuta.

Yanzu abin da aka fi mantawa: nauyi. Hoton waya yakan kai megabait 3 zuwa 5. Sa guda biyar a rubutu ɗaya, ka ɗora wa mai karatu megabait 20 kafin ya ga sakin layi na biyu, kuma ba zai jira ba. Buɗe squoosh.app, ka jefa hoton, ka mayar da faɗinsa pikzel 1200, ka zaɓi WebP ko MozJPEG, ka sa inganci wajen 75. Akwai layi a tsakiyar allon da za ka ja hagu da dama kana kwatanta na asali da sabon. Da wuya idonka ya ga bambanci, amma lambar da ke ƙasa za ta nuna hoton ya dawo kilobait 100 ko 200. Aikin a cikin na'urarka yake faruwa, hoton ba ya zuwa ko'ina. In suna da yawa, TinyPNG yana karɓar 20 a lokaci guda, kowanne kada ya wuce megabait 5. Kafin ka ɗora, canza sunan fayil daga IMG da jerin lambobi zuwa abin da ke cikin hoton, ka kuma cike gurbin bayanin hoto, wanda manhajar makafi ke karanta musu, Google ma da shi yake gane hoton.

Mataki na bakwai: sanar da injinan bincike

Google Search Console, wanda ke nuna yadda shafinka ke fitowa a binciken Google, shi ne kayan aikin da ba zan ce a tsallake ba. Yi rajistar shafinka, ka shiga sashen taswirar shafi, wato fayil mai jerin adireshin rubuce-rubucenka, ka rubuta sitemap.xml ka aika. Blogger da WordPress.com duk suna haɗa wannan fayil da kansu. In ka wallafa sabon rubutu, liƙa adireshinsa a akwatin da ke sama ka nemi a shigar da shi. Yana iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni ga sabon shafi, kuma maimaita nema ba ya sa a yi sauri.

Bayan wata biyu ko uku, rahoton da ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka zai fara cika, kuma yana riƙe bayanan wata 16. Nemi kalmar da aka nuna shafinka sau da yawa amma ba a danna ba. Ko dai takenka bai ja hankali ba, ko mutane na neman wani abu kusa da wanda ka rubuta. Ka ga rubutu na gaba ya samu ke nan. Bing Webmaster Tools yana iya kwaso komai daga Search Console cikin 'yan mintuna, babu dalilin barinsa.

Google Analytics 4, mai ƙidaya masu ziyartar shafi, wanda ya maye gurbin tsohon a Yulin 2023, yana ba ka lamba mai farawa da G da za ka liƙa a saitin Blogger. Sa shi ya riƙa tara bayani, amma duba shi sau ɗaya a mako ya isa. Ƙididdigar cikin Blogger kuwa tana haɗawa da shigarka kai kanka in ba ka hana ta ba, da kuma na'urorin da ke yawo a intanet, don haka kada ɗari biyun da ka gani ranar farko ta ruɗe ka. Gwada saurin shafin a PageSpeed Insights, ka fi kula da sakamakon waya.

Mataki na takwas: riƙe masu karatu

Mabiyanka a Facebook ko X na kamfanin ne, shi ke yanke wa zai ga abin da ka saka. Yi amfani da su wajen jawo mutane: Meta Business Suite yana tsara lokacin fitar da saƙo a Facebook da Instagram kyauta, Buffer yana yin haka a kafofin sada zumunta uku a tsarinsa na kyauta, tashar Telegram ko ta WhatsApp kuma tana kai mahaɗa kai tsaye. Amma jerin imel ɗin masu karatunka shi ne abin da za ka iya saukewa a fayil ka tafi da shi duk inda ka koma.

FeedBurner ya daina aika wa masu bibiya imel tun 2021, don haka duk jagorar da ta ce ka yi amfani da shi ta tsufa. Brevo yana barin ka aika imel 300 a rana kyauta. Mailchimp da MailerLite suna da tsarin kyauta, sai dai sun sha rage adadin mutanen da yake ɗauka, duba shafinsu kafin ka yanke. Ko fom ɗin Google Forms mai gurbi biyu, suna da imel, ya isa farawa. Kada ka sa kowa a jerin sai da yardarsa, kuma kowane saƙo ya zo da hanyar fita.

Mataki na tara: ajiya, da batun kuɗi

Ranar ɗaya ga kowane wata, sauke kwafin shafinka. A Blogger yana cikin saiti, wajen kula da shafi, kuma Google Takeout ma yana fitar da shi. A WordPress yana ƙarƙashin kayan aiki, sashen fitarwa. Sauke jerin imel ɗinka a ranar. Ajiye su wuri biyu, ɗaya ba a cikin asusun Google ɗin nan ba, domin in asusun ne aka kulle, Drive ma ya tafi.

Game da talla, AdSense, tsarin Google na sa talla a shafi a biya mai shi, yana buƙatar ka kai shekara 18, shafin ya kasance da rubutu naka na kanka, kuma ba ya biya sai kuɗin sun taru sun kai dala 100. Yana da jerin harsunan da yake karɓa, Hausa kuma ba ta ciki har zuwa yanzu, abin da ke sa ana mayar da shafuka da yawa ba tare da masu su sun gane dalili ba. Mai shafin Hausa ya fi samun hanya ta tallar kai tsaye daga masu sana'ar da ta shafi fanninsa, ko sayar da ƙaramin littafi ko darasi. Don ƙarin koyo, jagorar farawa ta Google Search Central da darussan learn.wordpress.org kyauta ne, W3Schools kuma zai koya maka ɗan HTML, harshen da ake gina shafuka da shi, da za ka riƙa gyara ƙananan abubuwa da kanka.

Kuɗin farko da za ka kashe, kashe su a adireshin kanka. Mai ƙarewa da .com yakan kama dala goma da 'yan kai a shekara, amma duba kuɗin sabuntawa, don wasu kamfanoni suna karya farashin shekarar farko su rama a ta biyu. In ka saya, shiga saitin Blogger ka rubuta shi da www a gaba. Zai ba ka layuka biyu na CNAME, wato bayanan da ke haɗa adireshin da shafin, ɗaya yana nuni zuwa ghs.google.com, ɗayan na shafinka ne kaɗai. Kwafe su zuwa saitin DNS a inda ka sayi adireshin, ka jira daga awa ɗaya zuwa kwana biyu, ka dawo ka adana, ka sake kunna HTTPS. Tsofaffin mahaɗanka na blogspot.com za su riƙa kai mutane sabon adireshin da kansu. Sai ka koma Search Console ka yi wa sabon rajista, ka sake aika taswirar shafin.